Farfesa Tsarkin Niyya da Ƙullin Baba

A duk faɗin jami'ar nan, daga ƙofar shiga har bayan ɗakin karatu inda ake ƙona shara, babu wanda ya kai Farfesa ƙin kansa. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Mutum ne da bai damu da suna ba, shi ya sa aka rubuta nasa da ƙananan haruffa a ƙofar ofis, sai dai muƙaman da suka biyo baya sun yi yawa har sai da kafinta ya ƙara allo na biyu. Ya rubuta littafi mai shafi ɗari huɗu a kan sadaukarwa, ya raɗa masa suna "Ni Ba Kowa Ba Ne". Hotonsa na bangon gaba, wani kuma na bangon baya, don kada wanda ya ajiye littafin a kife ya yi asara.

Saboda haka da jami'a ta buɗe Ofishin Karɓar Ƙorafi da Kare Masu Tona Ɓarna, ba a sha wahalar neman shugaba ba. An ce tun ba a gama shawara ba aka tarar da shi a ciki yana nuna wa masu fenti launin da yake so. Ya sa aka ƙera masa kujera mai tsayi, domin a cewarsa mai sauraron kukan jama'a ya kamata ya hango su da kyau. Sai dai Allah bai ba shi tsawon ƙafa gwargwadon tsawon buri ba. In ya hau, ƙafafunsa lilo suke yi kamar na yaro a bencin asibiti. Wannan ce kaɗai matsalar da ta taɓa hana shi sukuni a ofishin, kuma ya magance ta da hikima, kamar yadda za a ji.

Farfesa bai zo hannu rabbana ba, ya zo da bincike. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana nazari, yana hawa jirgi yana sauka, kafin ya gano abin da kakarsa za ta iya gaya masa tana tsintar shinkafa: wai mutumin da ke tausayin jama'a ya fi saurin magana in ya ga ana cutarsu. Amma malami ba ya tsayawa inda kaka ta tsaya. Sai ya ɗora nasa a kai.

"Jama'a," in ji shi ranar buɗe ofis, hannu dafe da ƙirji, "masu kawo ƙara iri biyu ne. Akwai wanda ya zo don bayin Allah, akwai wanda ya zo don kansa. Ni kuwa ba zan bari a ƙazantar da wannan ofis da kukan masu son kai ba. Sai na auna niyya kafin in saurari magana."

Aka tafa. Washegari ya fito da ma'aunin: wata takarda mai tambayoyi goma sha biyu, mai suna Takardar Tsarkin Niyya. Daga nan ne ɗalibai suka samo masa laƙabin Farfesa Tsarkin Niyya, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce, har ya so a ƙara shi a allo. Abin da ka zo faɗa ya shafe ka? Ya shafi ɗan'uwanka, ko surukinka, ko maƙwabcinka? In an gyara za ka ji daɗi? Ƙorafin kansa, da sunan wanda ake ƙara, sai a sa su a ambulan a liƙe. Ba a buɗe ambulan sai niyya ta ci jarrabawa.

Wadda ta fara zuwa mai shara ce a ɗakin gwaje-gwaje. Injin da ke zuƙe hayaƙin sinadarai ya mutu wata biyar, shugaban sashe ya ce kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Tana magana tana tari.

"Ƙirjin wa ke ciwo?" Farfesa ya tambaya cikin tausasa murya.

"Nawa, ranka ya daɗe."

"Kin gani? Naki."

Ya buga hatimin "Son Kai" a takardarta, ya yi mata addu'ar samun lafiya. Direban motar ɗalibai ya zo da zancen birki. Aka bincika aka gano shi ma a cikin motar yake zama, har ma shi ne a gaba. Hatimi. Cikin shekara uku ambulan ɗari da tamanin suka shigo ofishin, ba a ci mutuncin ko ɗaya da buɗewa ba. Kowace shekara Farfesa na rubuta rahoto cewa ba a tabbatar da ɓarna ko guda a jami'ar ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Abin da ke sa shi baƙin ciki kawai shi ne lalacewar mutane: a ce duk garin nan babu mai kuka sai wanda aka taka! A ƙasan zuciyarsa ya daɗe da sanin cewa mutum mai tsarkin niyya ɗaya ne tak a jami'ar, kuma shi ne ke zaune a kan kujerar.

Ban da wannan babban aiki, Farfesa na koyar da darasin Ɗa'ar Aiki, wanda wajibi ne ga kowane ɗalibin shekarar ƙarshe. Sau biyu yake shiga aji a zango, ranar farko don a san shi, ranar ƙarshe don a ɗauki hoto. In an yi jarrabawa, ofishin jarrabawa na aiko masa da takardun a naɗe cikin takarda ruwan ƙasa, an ɗaure da igiya, ɗauri mai kauri sosai. A nan hikimar da muka ambata ta shigo. Ya gwada ya ga ɗaurin ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin takalminsa da ƙasa, kamar an auna. Sai ya tura shi ƙarƙashin tebur ya ɗora ƙafa. Bayan mako shida ya mayar, ya jawo tarin ambulan ɗin masu ƙorafi su riƙe gurbin kafin wata jarrabawa.

Kada wani ya ce ba ya ba da maki. Yana bayarwa, kuma a kan lokaci, abin da malamai da yawa ba sa yi. Yakan shimfiɗa jerin sunaye a gabansa, ya lumshe ido, ya bar abin da yake kira firasar malanta ta yi aikinta. Kowane suna na goma yakan kayar da shi, domin darasin da kowa ya ci ba shi da kwarjini. Masu maimaitawa kuwa, waɗanda ake jerawa a ƙasan takarda da tauraro a gefen sunansu, ba sa ba shi wahala. Wanda ya faɗi Ɗa'a bara ya riga ya nuna halinsa, hali kuwa zanen dutse. Talatin da biyu, a wuce.

Matarsa shugabar makarantar firamare ce. Kullum da la'asar tana kan teburin cin abinci da tulin littattafan yara, tana bi layi-layi, har da gyara wa yaro wutsiyar harafi. Wata rana ta ɗago kai ta dube shi.

"Baban yara, shekara ashirin da shida muna tare, ni ban taɓa ganin ka da jan biro ba."

"Jan biro na ƙananan malamai ne," in ji shi. "Mu da ido muke gyarawa."

Ta koma kan littafin da ke gabanta.

To, ranar wata Litinin wata mata ta shigo ofishin. Ma'aikaciyar jinya ce da ta dawo ƙaro karatu, 'yan ajinsu na ce mata Maman 'Yan Biyu. Ta cinye kowane darasi sai Ɗa'ar Aiki. Shekarar farko sunanta ne ya faɗo na goma. Shekara ta biyu da ta uku tauraro ya yi mata aikin. Dokar jami'a kuwa ba ta da kwana: wanda ya faɗi darasi ɗaya sau uku, kora. Ranar Alhamis ta makon gobe majalisar jami'a za ta zauna ta sa hannu a sakamako, daga nan shekara shida na sammako da barin yara wajen maƙwabta sun bi ruwa. Ta je sashensu aka ce ta je ofishin ƙorafi. Ta san sarai wanda za ta tarar a kan kujerar, amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

"Ranka ya daɗe, takardata nake roƙo a duba. Wallahi na rubuta, shafi tara. Sau uku ke nan ana ba ni talatin da biyu, ba ƙari ba ragi. Kuma ai darasin..."

"Kul!" Farfesa ya ɗaga tafin hannu. "Kada ki ambaci darasi, kada ki ambaci malami. A nan ba a cin naman mutum a bayan idonsa."

"Ai ba a bayan..."

"Jarrabawar wa?"

"Tawa."

"Wa za a kora?"

"Ni."

"Tawa, ni. Kin ji bakinki, 'yata? Ko sau ɗaya ba ki ce mu ba."

Ya buga hatimi. Da ya ga hawaye na zubo mata sai tausayi ya kama shi, don shi ba ya iya ganin kukan mace. Ya jawo kwafin littafinsa ya sa mata hannu ya ba ta kyauta. Da ta fita ya girgiza kai, ya gyara zaman ƙafarsa a kan ambulan, ya ji daɗin yadda ya yi mata a hankali.

A matakalar ofishin jarrabawa ta zauna ta yi kukanta, kuma a nan wani dattijo ya gan ta. Baba Ƙulli ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya yana aiki ɗaya: ƙirga takardun jarrabawa, naɗewa, ɗaurewa, aikawa, karɓa. Mahaifinsa mai ɗaure kaya ne a tashar mota, kuma a wurinsa ya gaji wani ƙulli mai kunne biyu da wutsiya a soke a ƙasa, wanda ba wanda ya iya shi a jami'ar. Malamai ba sa ma tsayawa kokawa da shi, reza suke sa wa igiyar, in sun gama su ɗaure da roba ko tsumma. Don haka in ɗauri ya dawo wa Baba da ƙullinsa lafiya lau, kunne biyu a tsaye, ba ya bukatar boka ya gaya masa abin da ya faru. Shekara uku ke nan ɗaurin mutum ɗaya na dawowa haka.

Washegari Baba ya sa rigarsa mai tsabta ya hau bene. Abokan aikinsa sun ja masa kunne tun daga ƙofa: saura wata huɗu ka yi ritaya, wanda ya nuna babba da yatsa takardun sallamarsa kan yi ƙafa, ina ruwan biri da gada? Ya ji su duka, ya wuce.

Farfesa ya karɓi takardar da ya cika, ya ɗauko hatimi tun kafin ya duba, don hannu ya saba. Sai hannun ya tsaya a sama. Ya shafe ka? A'a. Ɗan'uwanka? A'a. Kana da jiƙaƙƙa da wanda kake ƙara? A'a, kullum muna gaisawa. Me za ka samu? Ba komai. Tambaya goma sha biyu, babu ƙofa ko ɗaya.

"To me ya kawo ka?"

"Ranka ya daɗe, shekara uku ina ganin abu ina cewa ba ruwana. Jiya na ga abin da ba-ruwana ya haifa, zaune a matakalata tana kuka. Ban san ta ba, ko sunanta sai da na tambaya. Amma kunya ta kama ni."

Farfesa bai ji daɗin wannan amsa ba. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana rubutu a kan irin wannan mutum, amma bai taɓa zaton zai zo da silifa ba. Lallai akwai lauje cikin naɗi. Ya rubuta "Ana Nazari" a saman takardar, ya sa sakatariyarsa ta binciko ko tsohon na da jika, ko ɗan haya, ko wanda suka haɗa kaka a cikin ɗaliban shekarar ƙarshe. Kwana huɗu tana bincike ba ta samo ko maƙwabci ba. Da a son Farfesa ne, nazarin nan zai kai bayan ritayar Baba.

Sai ga baƙi. Ƙungiyar jami'o'i ta aiko mutum uku su duba ofishin, don an sa shi cikin masu neman lambar yabo ta riƙon gaskiya. Farfesa ya riga ya sa an kafa ƙusa a bango, daidai inda hasken taga ke faɗawa. Shugabar tawagar wata dattijuwa ce mai tabarau a sarƙa, marar yawan dariya. Ta saurari jawabinsa na minti arba'in, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Ƙorafi nawa kuka bincika?"

"Ko ɗaya, Hajiya shugaba. Jami'armu tsaf take."

"Mu a wurinmu, ofishin da bai taɓa buɗe ƙorafi ba, ko dai mala'iku ke aiki a jami'ar, ko ofishin ne ba ya aiki. Muna nan har Laraba."

Farfesa ya dubi ƙusarsa. Nan take Allah ya tuna masa da tsohon nan mai silifa. Ashe ba lauje ba ne, kyauta ce daga sama! Ya aika aka kira shi, ya ba shi kujera, har ya tambayi lafiyar iyali. A ranar ne ya yarda a karon farko ya ji abin da mai ƙorafi ya zo da shi. Baba ya yi bayanin ƙullinsa, da yadda ɗaurin wani malami ke dawowa ba a taɓa shi ba, amma ga maki an cika.

Farfesa ya zabura har ya kusa zamowa daga kujera. "A jami'ar nan? A ƙarƙashin hancina?"

Ba wasan kwaikwayo yake yi ba, ransa ya ɓaci da gaske. Ko kaɗan bai kawo kansa ba. Abin da aka kwatanta masa ha'inci ne, shi kuwa firasa yake yi. Ban da haka malami aka ce, shi kuma ya daɗe da wuce wannan matsayi. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

"Ranar Laraba," in ji shi, "a babban ɗakin taro, gaban baƙi da shugaban jami'a da ɗalibai, zan buɗe ambulan ɗin nan da hannuna. Ka kawo ɗaurin."

Baba ya murza hularsa a gwiwa. "Ranka ya daɗe, alfarma nake roƙo. Ka buɗe shi yanzu, kai kaɗai, ni ma in fita. Ni ba tozarta kowa nake so ba, a duba takardun yaran nan kafin Alhamis kawai. Rufin asiri ya fi."

"Rufin asiri! Wannan kalmar ce ta kashe jami'o'i."

"Mutumin babba ne. Yana da iyali."

"Ko ni ne, Baba! Ko ni ne!"

Baba ya dubi takalmin Farfesa a ƙarƙashin tebur, ya daɗe yana dubawa. Ya miƙe ya ce Allah ya kai mu. Ranar Talata ya sake dawowa sau biyu, sakatariya ta ce Farfesa na haddar jawabi, ba a shiga.

Laraba ɗakin taro ya cika har tagogi. An ɗauko doguwar kujerar daga ofis an kafa ta a kan dandamali, bayan tebur marar mayafi. Baƙi na gefe ɗaya, shugaban jami'a na ɗaya gefen. Matar Farfesa na sahun gaba da jakarta a cinya, don ya ce ta zo ta ga yadda manyan malamai ke aiki. Can baya kusa da ƙofa Maman 'Yan Biyu na tsaye cikin fararen kayan aiki, daga asibiti ta wuto.

Farfesa ya fara da Baba. Ya kira shi gaba, ya dafa kafaɗarsa don masu hoto, ya miƙa masa Shaidar Tsarkin Niyya ta farko a tarihin jami'ar, mai hatimi uku. "Na auna zuciyar wannan bawan Allah da ma'aunin da ni na ƙirƙira," in ji shi, "ban sami ƙwayar son kai ba. Abin da ya faɗa gaskiya ne, ba ya bukatar shaida. Wanda ya yi shakkarsa, ni ya yi wa."

Sannan aka ɗora ɗaurin a tebur, fuskar da ke da rubutu na kallon ƙasa, don da gangan Baba ya ajiye shi haka. Farfesa ya zagaya shi sau biyu.

"Ku duba, jama'a! Takardu ɗari biyu da goma sha huɗu. Gumin 'ya'yan mutane, rashin barcin iyayensu. Ga ƙulli nan yadda aka ɗaura shi. Kai, ku matso da abin ɗaukar hoto! Sawun takalmi ne wannan? Har taka su ya yi! Wane irin marar imani ne zai ɗora ƙafa a kan ilimi?"

Ɗalibai suka yi ihu. Ihun ya shiga kan Farfesa, ya juya ga shugaban jami'a ya nemi a yanke hukunci tun kafin a san mai laifi, don kada a ce an duba fuska. Ko wane ne, a zaunar da shi a kan dandamalin nan, ya duba takardun nan ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, kuma kada majalisa ta sa hannu a sakamakon darasin sai ya gama. Shugaban jami'a ya dubi baƙi, baƙi suka gyaɗa kai, ya ce an amince. Aka rubuta.

Sai ambulan. Ya ɗan ba shi wahala, don hannun bai saba ba. Ya zaro takardar, ya gyara murya, ya fara karantawa da ƙarfi. Baba mutum ne mai ladabi, bai yarda ya rubuta sunan babba tsirara ba, sai da ya je ƙofa ya kwafo allunan nan biyu kaf. Farfesa ya karanto muƙami na ɗaya, na biyu, na biyar, na tara, muryarsa na ƙara daɗi, don ba abin da yake son karantawa kamar wannan. Ya kai ƙarshe ya yi murmushi.

"Wannan adireshin wanda aka aiko wa ne. Bari mu ga sunan mai laifin."

Ya juya takardar. Bayanta fari fat. Ya leƙa cikin ambulan. Ya girgiza shi. Ya sake juyo gaban, a nan ne idonsa ya sauka kan ɗan rubutun da ke sama, wanda ya tsallake don sauri: Sunan wanda ake ƙara.

Dattijuwa mai tabarau ta taso, ta juyo ɗaurin, ta karanta abin da ke rubuce: Ɗa'ar Aiki, shekarar ƙarshe. Ta dubi sawun da ke bayan takardar, ta sauke tabarau ta dubi takalmin Farfesa. Wani daga tsakiyar ɗalibai ya saki dariya, ta kama kamar wutar kara.

An ce wanzami ba ya son jarfa. Farfesa ya ɗaga hannu yana neman shiru. "Jama'a, a yi hattara. Wajibi ne a sake duba niyyar wannan tsoho, domin..."

"Hatimi uku," in ji dattijuwar, tana nuna takardar da ke hannun Baba. "Wanda ya yi shakkarsa, kai ya yi wa."

Ba sauran mafita sai kujera. Ya hau. Ya jawo ɗaurin ya kama igiya, ya ja kunnen dama ƙulli ya ƙara tsukewa, ya ja na hagu ya ƙara. Ya ce a kawo reza. Baba ya matso a hankali, ba dariya a fuskarsa, don shi da gaske tausayin mutumin yake ji. Ya sa yatsa ya zaro wutsiyar da ke soke a ƙasa, ya ja sau ɗaya, igiya ta zube.

"Ja ɗaya ne, ranka ya daɗe. Shekara uku yana jira."

Ya ɗaga tulin ya zaro wata takarda daga can ƙasa, inda masu tauraro suke, ya ɗora ta a sama. "Fara da wannan. Ita ta fi daɗewa a layi."

Farfesa ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe. Alƙaluma uku ne a jikinsa, duk na sa hannu a littafi. Sai matarsa ta buɗe jaka, ta taka har gaban dandamali, ta miƙo.

"Ga shi, Baban yara. Na ƙananan malamai ne, amma yana rubutu."

Ya karanta shafi taran nan, dattijuwa tsaye a kansa tana bin layi da yatsa. Ya nemi kuskure kamar mai neman allura a rairayi, ya sami waƙafi biyu da ba a sa ba. Da ya rubuta saba'in da takwas, aka faɗa da ƙarfi. Can baya Maman 'Yan Biyu ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da tafin hannu, mata biyu suka riƙe ta. Baba bai tsaya tafi ba. Ya naɗe igiyarsa a yatsa, ya sa a aljihu, ya koma bakin aiki.

Saura takarda ɗari biyu da goma sha uku. Baƙi sun aika an kwaso ambulan ɗari da tamanin daga ƙarƙashin teburin ofis, sun zauna a gefe suna farkewa, na mai shara ne a sama. Ɗalibai kuwa ba wanda ya tafi, har masu sayar da ruwa suka shigo. Ba jan biron suke kallo ba. Teburin ba shi da mayafi, kuma tun da aka kafa jami'ar ba a taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinsa ba sai ranar: ƙafafu biyu cikin takalmi mai sheƙi, suna lilo, suna laluben abin takawa.